Hoton Inna a Sabon Sikirin

A layin da ake sayar da takalma da jakunkuna, tsakanin shagon aski da na mai gyaran agogo, akwai wani ɗan situdiyon hoto mai ƙofar gilashi. Mai shi mutum ne siriri, furfura ta fara cin gefen kunnuwansa, kuma kowa a layin Bari-Mu-Gani yake kiransa. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Ka kawo masa aiki ka ce sauri kake yi, sai ya ɗaga hoton wajen haske ya ce, “Bari mu gani.” Matarsa ta tambaye shi ko za a yi wa ɗakin yara fenti, bari mu gani. Mai aski ya sha rantsuwa cewa ko gobara aka ce ta tashi a layin, sai mutumin nan ya ce bari mu gani kafin ya nemi takalminsa.

Amma fa aiki, ya iya shi. Ya fara tun zamanin da ake shiga ɗakin duhu da jan ƙwan fitila, a tsoma takarda a ruwan magani, a tsaya ana kallo har fuska ta fito a hankali. Da zamani ya juya aka koma kwamfuta bai tsaya gardama ba, ya zauna ya koya kamar ɗan firamare. Abin da ya yi suna a kansa shi ne fatar mutum. Yakan ce duk na'urar da aka ƙera, fatar baƙin mutum ce ke tona mata asiri: wata ta mai da kai toka-toka kamar ba ka taɓa shafa mai ba, wata ta mai da kai ja kamar an gasa ka. Shi kuwa in ya wanke maka hoto, kai ɗin ne, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa mutane suke haƙuri da jan ƙafarsa, su yi ta mita, su kuma dawo.

Abin tausayin shi ne, mutumin da ya ɗauki hoton rabin mutanen unguwa bai san fuskar mahaifiyarsa ba. Inna ta rasu yana rarrafe. Yayarsa mace, wadda ta girme shi da shekaru masu yawa, ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ta dake shi in ya yi laifi. Yaya yake ce mata, ita kuma har ya yi furfura Auta take ce masa. Hoton Inna guda ɗaya ne tak a duniya, ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba, baƙi da fari. Yana can ƙasan akwatin Yaya, cikin zannuwa. Wata shekara rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya ratsa akwatin, ya cinye gefen hagu na fuskar daga ido har haɓa. Ya sha roƙonta ta ba shi ya gwada gyarawa, ita kuma ta sha hana shi. Cewa take yi ita ba ta buƙatar gyara, in ta kalli rabin da ya rage sauran yana cika mata da kansa.

Wata safiya ta aika a kira shi. Ya same ta zaune a bakin gado, labule a buɗe, hoton a kan cinyarta.

“Auta, zauna nan gabana, ba gefe ba,” in ji ta. “Likita ya ce hawan jinin ido ne. Daga gefe yake ci yana shigowa tsakiya. Yanzu haka kamar ta cikin bututu nake ganinka.”

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

“Ka ɗauki hoton nan ka ƙara masa girma. Ka zo da na'urarka nan ɗakin, ka zauna kusa da ni, kana gyarawa ina gaya maka, nan ka yi daidai, nan ka kauce. In na tafi da fuskar nan a cikin kaina, babu wanda ya rage da ya san ta. Kuma don Allah, wannan karon ban da halin nan naka.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a ambulan, ya ce in Allah ya yarda ba za a daɗe ba. Kuma har ga Allah da gaske yake yi. A hanya ma sai da ya share ido, don shekara da shekaru yana jiran wannan rana.

Da isarsa situdiyo ya yi sikanin hoton, ya buɗe shi a tsohuwar laftof ɗinsa. Ita wannan laftof ta sha duniya. Sikirin ɗinta ya koma rawaya-rawaya, akwai wani siririn layi shuɗi da ya ratsa shi daga sama har ƙasa, kuma in ka ɗan kwantar da murfin sai fuskar mutum ta yi duhu, in ka ɗaga ta yi fari fat. Da ita yake aikin fasfo, ya san halinta, ya san yadda yake lallaɓa ta. Amma da Inna ta fito a kai kamar mai ciwon shawara, layin nan ya bi ta kan kafaɗarta, sai ya ji abin ya soke shi. Ya rufe murfin ya ce a ransa, wallahi ba a kan wannan ba. Dama ya daɗe yana shirin sauya ta, kuma kada wani ya ce rashin hali ne ya tsayar da shi, kuɗin sayen suna ajiye tun tuni. Sayen kawai ya rage, shi kuwa saye sai da zaɓe.

Washegari ya shiga babban shagon kwamfutoci da ke bakin titi. Mai shagon mutum ne mai ƙiba da fara'a, ya tare shi da “Baba, sannu da zuwa.” Laftof-laftof a jere kan dogon tebur, kowace an ƙure mata haske, wannan tana nuna aku mai launi bakwai, waccan tana nuna ruwa yana zubowa daga dutse. Bari-Mu-Gani ya yi murmushi, don ya san wannan wayon. Aku kowane sikirin yana iya shi. Ya zaro filashi daga aljihu, a ciki akwai hoton da yake gwaji da shi: wani dattijo baƙi wuluk, sanye da baƙar riga, zaune a inuwa jikin farin bango. In sikirin ya nuna maka ɗinkin wuyan rigar, ya nuna tsagar bangon, bai kuma ɓata fatar dattijon ba, to ya ci jarrabawa.

Ya fara da ta farko. Ya rage hasken zuwa rabi, ya kwantar da murfin, ya ɗaga, ya koma gefe ya leƙa kamar mai leƙen taga. Mai ƙyalli ce, launinta kamar ka lasa, amma da hoton ya yi duhu sai ya ga fuskarsa da fankar silin suna yawo a kan rigar dattijon. Ya ce a'a, madubi yana da shi a gida. Ta biyu marar ƙyalli ce, ba ta ɗaukar inuwar komai, ɗinkin rigar ya fito, fatar ta zauna daidai, ko ta ina ka kalla launin bai gudu ba. Ya daɗe a kanta. Sai dai ya ga kamar farin bangon bai kai yadda yake so ba, ya ɗan dusashe. Ta uku baƙinta ya yi kyau, amma da ya roƙi a kashe fitilar shagon sai ga haske yana tsiyaya ta kusurwar ƙasa. Ta huɗu hotonta a tsaye yake tsaf, kana iya ƙirga gashin gemu, amma ƙarama ce, ya ce Yaya ba za ta ga komai a wannan ba. Ta biyar babba ce, amma in ka matso kusa sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa gero.

Mai shago ya bi shi da haƙuri, har ƙofa ya ɗaukar masa guda biyu don ya gan su a hasken rana. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ya yi kuskuren da ya yi ta da-na-sani a kansa daga baya. Ya ce, “Baba, in ba sauri kake ba, akwai wasu sababbi da ke hanya. Su baƙinsu baƙi ne na gaske, kamar an kashe na'urar. In ka gan su ba za ka ƙara kallon waɗannan ba.”

Ai kuwa kamar ya sosa masa inda ke ƙaiƙayi. “Bari mu gani,” in ji shi, ya mai da filashinsa aljihu.

Daga nan aka shiga jira. Kuma shi ba ya jira a zaune. Duk shagon da ke garin sai da ya san shi, har masu sayar da na hannu. Yaran shago suna hango shi sai su fara rage hasken sikirin da kansu. Ya koyi sunayen irin gilasan, ya san wanda ke gajiyar da ido, ya san wanda shuɗinsa ya yi yawa. Mai aski ya ce masa, “Kai ko mata aka jera maka haka ai da ka zaɓa.” Ya yi dariya, amma bai fasa ba.

Matarsa ce ba ta ga abin dariya ba. Wata rana tana ninke kaya ta ce, “Baban yara, ruwan ido fa ya isa haka. Ka ɗauki tsohuwar nan ka je ku fara, in sabuwar ta zo ka ƙarasa.”

“Ke ba ki gane ba,” in ji shi. “Idonta ya yi rauni. In na kai mata dusasshen abu me za ta gani? Ai don ita nake yi.”

Ya yarda da wannan magana tasa ƙwarai, kuma akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi cutar da shi. Da ƙarya ce zalla da ya gane ta da wuri. Abin da bai faɗa ba, har ga kansa, shi ne yana so ranar da zai fara ganin fuskar Inna cikakkiya ta zama ba ta da aibi ko ɗaya. Yana so a ce Bari-Mu-Gani ya yi aikin da ya fi duk ayyukansa.

Yana zuwa gaishe da Yaya, ba wai ya yanke ƙafa ba. Duk zuwa sai ta tambaya, shi kuma ya ce saura kaɗan. Wata rana ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi a kan tebur, ta ture shi, ruwa ya zube. Ya lura sai ta juyo da kanta gaba ɗaya kafin ta same shi da ido.

“Auta, in abin zai daɗe, ka dawo mini da ƙaramin ina ɗan dubawa kafin nan.”

“Yaya, takardar ta yi laushi, yawan taɓawa zai ƙarasa ta. Tana ambulan a wuri mai kyau. Kwana nawa ne.”

Ta ce, “To.”

Sababbin suka iso. Mai shago da kansa ya kira shi a waya. Gaskiya baƙinsu baƙi ne, dattijon nan ya fito kamar ka gaishe shi ya amsa. Amma da ya rage hasken sai ya ji kamar sikirin ɗin yana ɗan rawa a idonsa, kuma jan ya yi ƙarfi, leɓen dattijon ya zama kamar ya sha zoɓo mai launi. Ga ƙyalli kuma, fankar silin ta dawo. Mai shago ya ajiye fara'arsa gefe ya ce, “Baba, in gaya maka gaskiya? Duk wadda ka rufe ido ka ɗauka a teburin nan ta fi wadda kake da ita nesa ba kusa ba. Wadda ba ta da aibi ba a ƙera ta ba tukuna.” Ya ji maganar, ya gyaɗa kai, ya ce zai yi tunani.

Abin da ya tashe shi ba mai shago ba ne. Wata safiya yana sa takalmi matarsa ta ce, “Ka lura Yaya ta daina tambayar hoton?”

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya lissafa zuwansa na baya-bayan nan, ya ga haka ne. Hira suke yi, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta sa masa albarka, shi ke nan. Bai buɗe situdiyo ba ranar, kai tsaye shagon kwamfuta ya wuce. Bai zaro filashi ba, bai ce a kashe fitila ba. Ya nuna da yatsa ya ce a sa masa waccan a kwali. Ita ce ta biyun nan marar ƙyalli, wadda ya daɗe a kanta a ranar farko, tana nan inda ya bar ta duk tsawon watannin nan. Mai shago ya kalle shi, ya ga fuskarsa, ya je ya ɗauko kwali.

Da hantsi ya isa ɗakin Yaya. Ya jawo ɗan tebur gaban gado, ya saki labule don kada hasken waje ya dame su, ya buɗe hoton ya cika sikirin da shi, ya ƙure hasken har ƙarshe. Inna ta fito babba, kusan girman fuskar mutum. Rabin da ya tsira ya fito tsaf, har zaren ɗankwalinta ana gani. Shi kansa bai taɓa ganinta haka ba.

“Yaya, ga ta nan.”

Yaya ta gyara zama, ta fuskanci wajen muryarsa, ba wajen tebur ba. Ya kama kafaɗarta a hankali ya juya ta.

“Ka kunna?” ta tambaya.

“Na kunna.”

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ja baya, ta karkata kai dama, ta karkata hagu, tana neman ɗan ramin da ya rage mata. Ta daɗe tana yi, shi kuma yana tsugune a gefenta.

“Ina ganin haske,” in ji ta. “Kamar an buɗe taga.”

“Bari in ƙara girman idon kawai, ko za ki...”

“Bar shi, Auta. Idona ya rufe tun kwanakin baya. Ban gaya maka ba ne don kada ka tayar da hankalinka.”

Bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba. Ita ce ma ta ƙarfafa shi, ta ce tunda ya zo, ya yi aikinsa, za ta faɗa masa da baki. Ta ce idon hagun ya ɗan fi na dama ƙanƙanta. Ta ce in Inna ta yi murmushi kumatunta na hagu yana lotsawa, amma ba sosai ba. Ta ce hancin irin nasa ne, sai dai bai kai nasa faɗi ba, kuma akwai ɗan tabo a ƙasan leɓe inda ta taɓa faɗuwa tana yarinya. Ya yi ta aiki. Ya ɗauko daga gefen dama ya juya, ya rage, ya ƙara, ya sa lotsawar, ya sa tabon. Sikirin ɗin bai ɓoye masa komai ba, duk abin da ya taɓa yana gani sarai. Da rana ta karkata, fuska ta cika, mace kyakkyawa mai sanyin ido tana kallonsa.

Sai dai ƙanƙanta nawa? Lotsawa a ina, sama ko ƙasa? Ya matsar da ita kaɗan, sai wata mace daban ta fito, ita ma ta dace da duk abin da Yaya ta faɗa. Ya mayar, ya sake matsarwa. Kowace ya kalla tana iya zama uwar wani.

“Yaya,” ya ce, “ita ce?”

Ta miƙa hannu tana lalube har yatsunta suka sauka a kan gilashin. Duk duniya an san Bari-Mu-Gani ba a taɓa masa sikirin, ya taɓa korar mai kawo aiki a kan haka. Ya zuba ido tana shafawa daga goshi zuwa haɓa, bai hana ta ba.

“Santsi kawai nake ji,” in ji ta. Ta janye hannun ta ɗora a cinya. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi. “Da ka zo da tsohuwar nan taka mai rawaya. Ni ko koriya ta fito, ai zan gane uwata.”

Ya sunkuyar da kai ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun tana goya shi. Ta bar shi ya yi, sannan ta ce ya ba ta ƙaramin. Ya zaro shi daga ambulan ya sa mata a tafin hannu. Ta bi gefensa da babban yatsa har ta kai inda ruwa ya cinye takardar ta yi kurji-kurji, ta ce, “Yauwa, wannan na san shi.” Ta tura shi ƙarƙashin matashi.

Har yanzu yana situdiyonsa tsakanin mai aski da mai agogo, kuma sunan bai bar shi ba, ko da yake mai aski ya ce ya kwana biyu bai ji ya faɗi kalmar ba. Laftof ɗin tana aiki lafiya, masu kawo aiki suna yaba yadda hotuna ke fitowa. In hasken ƙofa ya faɗo a kanta ta gefe, ana ganin sawun yatsu huɗu a tsakiyar gilashin. Wani ya taɓa miƙa masa ƙyalle ya goge, ya ce a bar shi, ba ya hana shi aiki.

Hoton kuwa, matarsa ce ta matsa masa har ya zaɓi ɗaya daga cikin fuskokin, ya wanke shi babba, ya sa a firam, ya rataye a ɗakin Yaya saitin gado. Aiki ne mai kyau, babu mai kallonsa ya ce an taɓa gyara shi. 'Yan uwa in sun zo gaisuwa sukan tsaya a gabansa, musamman yaran da ba su taɓa jin ko muryarta ba.

“Allah sarki, Inna ke nan?”

Yaya takan juyo da fuskarta wajen mai maganar ta ce, “Auta ya ce ita ce.”

In yana ɗakin, sai duk a juyo a kalle shi ana jira ya tabbatar. Shi kuma yakan duƙar da kai ya kama gyaran igiyar takalminsa har a sauya hira.